An Ɗebi Jinin Bappa

Jama'a, jiya a bayan jaki na kai yarinyar gidana Gumel, don motocin garinmu Gagarawa duk suna layin mai. Shekara biyu ke nan gaɓoɓinta na kumbura, ko ludayi ba ta iya riƙewa. Aka ce masu bincike sun sauka, suna nazarin wata cuta da jiki ke yaƙar kansa, wai a jini ake gadonta. Za su ɗebi jinin mara lafiya da na iyaye a kai birni.

Malamin rajista, ranka ya daɗe Sarkin Biro, ya ɗaga murya a gaban mutane.

"Wane ne ubanta?"

To, 'yar fari ce. Ni ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Na sunkuyar da kai na ce, "'Yar wajen Bappa ce." Bappa maƙwabcina ne, makiyayi, kanwar shanu ya zo saya ya rako mu. Kowa a layin ya san alkunya na yi. Shi ma Sarkin Biro ya sani, amma ya ce takarda ba ta da gurbin kunya.

Aka kama Bappa aka cika kwalba uku.

"Dogo," ya ce da ni, "ko saniya ba a yi mata tatsa uku a zama ɗaya."

Da aka zo kan yarinya, kwalabe sun ƙare. Na leƙa na ga jinin Bappa jere a kan taga, rana na dukansa. Firijinsu mai aiki da kananzir kuwa an cika shi da lemon Mai Girma Babban Baƙo, wanda zai zo buɗe binciken. Allah ya ƙara masa sanyi. Ai ruwa ba ya tsami banza, manya sun san abin da suke yi.

Na cire kunya na ce, "Malam, ni ne ubanta."

"Canjin uba sai da takarda daga hedikwata."

Muka dawo yadda muka je, tana cije baki duk sa'ad da jaki ya yi tuntuɓe. Tun da sai a rubuce ake yarda, ga shi a jarida: sunanta Larai, 'yata ce, jinina ne ya kamata a auna tare da nata. Dattawan gidanmu su yafe mini.

Bappa dai an ba shi ƙwaya biyu, ya ce gwiwarsa ta yi sauƙi.