Yadda Za Ka Zama Gwanin Harbi da Ragon Layya Ɗaya Tak

Kai mai son a kira ka gwanin saiti alhali aljihunka fayau, matso kusa. Bi matakan nan shida, na ba ka tabbaci kafin Babbar Sallah sunanka zai zagaye garin Sokodé. Na gwada su a kan Salifu, mahaucin nan na unguwar Kpangalam, kuma yau ba gidan da ba a zancensa.

1. Nemo bindiga

Daina kallon na Turawa a waya, hawan jini kawai za ka jawo wa kanka. Tsohuwar bindigar iska ta ishe ka, ko da roba aka ɗaure gindinta da ita. Ba ka da kuɗi? Leƙa turken gidanka. Salifu ya kwance ragon layyar da matarsa Barakatu ta shekara tana ba dusa, ya yi musaya da bindiga, saura mako uku Sallah.

2. Shawo kan mai ɗakinka

Ce mata wata ƙungiya ta shirya gasar harbi a garin Dapaong, can arewa, na ɗaya rago za a ba shi, wanda ya ninka nata. Da Salifu ya faɗi haka, Barakatu ta ce, "Baban Nabila, ni ban san wata gasa ba. Ranar Sallah in ga rago a turken nan. In babu, ni da yara gidanmu za mu, kuma kada ka biyo mu." Wannan shi masana ke kira goyon bayan iyali.

3. Haɗa kayan aiki

Masu kuɗi suna da madubin jawo nesa da ƙafar ɗora bindiga. Kai ɗora taka a kan buhun masara. Samo kwali, zana zobba da gawayi. Maimakon madubi, rufe ido ɗaya, wannan kyauta ne.

4. Yi ta gwaji

Riƙe numfashi, ja kunama a hankali, kada ka fizga. Tun farko ka ba maƙwabta haƙuri game da tulunansu. A nan Salifu ya ba ni mamaki, wallahi. Ashe hannun da ya shekara ashirin yana yanyana naman kilishi bai san rawa ba. Cikin kwana goma sai ga shi yana huda tsakiyar kwali daga taku ashirin. Har Barakatu ta fara leƙowa ta taga, ta daina ƙona masa tuwo.

5. Kama hanyar arewa

Naɗe bindigar a tabarma, ka riƙe takardun shaidarka a hannu. In jandarma ya kwance tabarmar ya fashe da dariya har ya kira abokan aikinsa su gani, kada ka ji haushi. Girmamawa ce.

6. Ranar gasa

Harbi goma ake yi, ba ƙari. Salifu ya zuba goman nan a tsakiya. Ga ragon can a ɗaure, fari ƙal, har ya fara tunanin yadda zai shigar da shi mota. Alƙalin gasa, wani mai suna Djibril da ake ce wa Shef, ya taso da murmushi zai ɗauki takardar da aka harba.

To, mahauci irin Salifu bai taɓa sallamar mai fara'a ba tare da gyara ba. Salifu ya sake ɗana bindiga, tas! ya ƙara ɗaya.

Djibril ya ce, "Malam, wannan fa?"

"Gyara ce, Shef. Albarkacin fuskarka."

Djibril ya ƙirga huda goma sha ɗaya, ya soke sunansa, aka miƙa ragon ga wani manomi daga ƙauyen Korbongou. Salifu ya zauna a kan buhunsa ya yi kuka, kuka na gaske, babba da shi. Ranar Sallah ya feɗe ragunan mutane tara a unguwa, ya dawo ya tarar da gida ba kowa.

Gargaɗi

Suna na yi maka alkawari, ban ce wane iri ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa rago, ko mata, ko duka biyun, kada ya doso ƙofata. Kai kuma Salifu, ka daina aiko mini mutane. Bindigar da na ba ka ba a mayarwa, ragon Barakatu kuwa mun riga mun soye shi.