Jajayen Takalma a Ƙofar Masallacin Ofis

Wani ne ma'aikaci a wani ofis da ke hawa na biyu, irin ofis ɗin nan da fayil ya fi mutane yawa. Shekararsa tara a kujera ɗaya, ba gaba ba baya. Kada mu ɗauki alhakinsa, yana salla. Sai dai kafin ka cire agogo ka naɗe hannun riga, shi ya sallame, ya shafa addu'a, har ya koma kan wayarsa yana duba ƙwallo.

Ana nan aka kawo musu sabon manaja, wani dogo mai furfura a gemu, carbi ba ya barin hannunsa. Ranar farko ya tara su ya ce, “Ku goma sha huɗu ne a nan, an ce in rage uku. Na ba kaina wata uku in ga kamun ludayin kowa.”

Nan take gogan naku ya hau lissafi. Ya san ko rabin mutum za a rage, da shi za a fara. Ga mata, ga 'ya'ya huɗu, ga shi ban da zaman kujerar nan ba abin da ya iya a duniya.

To akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, tsohon sito ne aka share aka shimfiɗa darduma, nan suke salla. Sai mutumin ya lura da wani abu. Duk lokacin da manaja zai wuce ta wurin, sai ya rage tafiya, ya dubi takalman da ke bakin ƙofa, ya gyaɗa kai, sannan ya wuce. Mutumin ya ce a ransa, “Af! Ashe takalma ake dubawa.”

Ana tashi ya zarce kasuwa. Ya ce wa mai takalma, “Ba ni wanda ko makaho zai gani.” Aka ɗauko masa wasu jajaye jawur, masu sheƙi. Da ya isa gida matarsa ta dube su, ta dube shi.

“Maigida, 'yan kwana-kwana ne suka ɗauke ka aiki?”

“Ke dai ki zuba ido.”

“Ai dole in zuba, sun hana ni ganin komai.”

Sati guda cur yana yawo da su ofis ofis. In zai gaida mutum sai ya turo ƙafa gaba. In ya zauna ya ɗora ɗaya kan ɗaya yana karkaɗawa. Har mai gadi ya haddace su. Da ya tabbatar ba wanda bai san mai su ba, sai ya fara aikin. Ƙarfe tara ya jera su a ƙofar masallaci, ya ja ƙofar ya rufe, ya zaro silifa daga jaka, ya sulale ta matakalar baya sai wurin mai shayi. Can zai baje yana musun ƙwallo har rana ta take.

Mutum ɗaya ce ta gano shi, Iya mai shara. Ranar nan ta tare shi a matakala da tsintsiyarta.

“Ɗan nan, in ɗaga takalman in share ƙarƙashinsu, ko in bari sai sun sallame?”

“Iya, don girman Allah ki rufa mini asiri.”

“Ni ban ga komai ba. Tsintsiya ce ta gani, ita kuma ba ta magana.”

Manaja kuwa ya wuce da hantsi, ga jajayen takalma. Ya wuce kafin azahar, suna nan. Ya tambayi mai gadi, “Na wane ne waɗannan?” Aka faɗa masa. Ya ce, “Masha Allah,” ya ja carbi.

Ku tsaya, ba ku ji komai ba tukuna. Wata Juma'a musun ƙwallo ya yi zafi, gogan ya wuce gida da silifa, ya manta da takalman sam. Ranar Asabar manaja ya dawo ɗaukar tabaransa da ya bari. Ofis tsit, ba kowa. Ga takalma a ƙofa, ƙofa a rufe. Bawan Allah ya cire nasa takalman ya riƙe a hannu, ya wuce da sanɗa don kada ya katse wa mai ibada ibadarsa. Abin ya tsaya masa a rai, ranar Lahadi ya sake zuwa musamman don ya gani. Suna nan daram.

Litinin da safe ya kama hannun mutumin da hannu biyu.

“Malam, har Asabar da Lahadi?”

Gogan bai san inda zancen ya dosa ba, amma ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, ɗan abin da ya sawwaƙa ne.”

“Ka ji tawali'u!” in ji manaja. Ya sa aka kira tsohon direban ofis, wanda shi yake jan su salla tun fil azal. Ya ce, “Baba, ka yi haƙuri. Muna zaune da malami ba mu sani ba. Daga yau shi ne limaminmu.”

Baba direba ya ce, “Alhamdu lillahi. Dama gwiwar nan tawa ta gaji da tsayuwa.”

Da ya kai labari gida, matarsa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana dukan cinya.

“Kai? Liman? Kai da ban da Fatiha surorinka biyu ne, ta biyun ma sai autanmu ya ɗora ka?”

“Ke ba ki san lissafi ba. Ƙarfe nawa muke tashi?”

“Biyar.”

“Salla nawa ce kafin biyar? Azahar da la'asar. A ɓoye ake karatunsu. Wa zai ji ni?”

Ta share hawaye ta ce, “Wanda ake yi dominsa.”

Ya ce, “Shi ai ya san halina tuntuni. Manaja ne baƙo.”

Haka ya shiga gaba. Sai dai tsoro ya kama shi kada ya yi saurin da ya saba a gane shi. Sai ya riƙa maimaita 'yar surarsa a zuci, ya kai ƙarshe ya koma farko, ya kai ƙarshe ya koma farko. Jama'a na baya suka ɗauka izu guda yake ja. Wanda ya jingina da bango ya jingina, wanda ƙafarsa ta yi sanyi ya canza ƙafa. Da aka sallame Baba direba ya miƙe da ƙyar yana cewa, “Ni da na gudu don gwiwa, ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.”

Kafin sati biyu suna ya bi shi, kowa Malam, Malam. Tambayoyi suka fara zuwa. Mai buga takardu ta zo ta rusuna.

“Malam, in waya ta yi ƙara ana cikin salla, a kashe ko a bar ta?”

Ya lumshe ido, ya shafa haɓa, ya ce, “Akwai saɓanin malamai.”

Wani ya ce, “Malam, an turo mini addu'a a waya, an ce in ban tura wa mutum goma ba zan ga abin da ba na so.”

“Akwai saɓanin malamai.”

Amsar ta zauna masa a baki har ba ya jin tambayar. Ranar nan sakataren manaja ya leƙo ya ce, “Malam, ina fayil ɗin da aka kawo maka tun watan jiya?”

“Akwai saɓanin...” Sai ya farga, ya yi tari, ya ce, “Ana kai.”

Wallahi da abin ya tsaya nan da ya sha. To amma rana dubu ta ɓarawo. Ana gobe za a fitar da sunayen mutum ukun, manaja ya ce ba mai tafiya gida yau sai an kammala rahoton da ake jira daga sama. Biyar ta wuce. Shida ta wuce. Gogan yana zaune yana kallon rana ta taga tana sauka, ji yake kamar ya fita ya tokare ta da sanda. Magariba fa a bayyane ake karatunta.

Ya je wurin manaja yana kakari, murya a shaƙe. “Ranka ya daɗe, maƙogwarona...”

Manaja ya jawo aljihun tebur ya fito da kwalbar zuma. “Sha cokali biyu, Malam. Yau Allah ya nufe mu da jin muryarka. Wata biyu ina jiran ranar nan.”

Ya sha zuma. Ya ce bari ya sake alwala. Ya shige banɗaki ya kulle, ya zaro waya zai haddace ko da layi uku ne. Musun ƙwallon safe ya cinye cajin, wayar ta yi ƙyaf ta mutu a hannunsa. Ya dubi tagar banɗakin. Ko kansa ba zai wuce ba, ga shi hawa na biyu. Sai ga bugun ƙofa.

“Malam, magariba ba ta jira,” in ji Baba direba.

Ya fito kamar wanda za a kai rataya. Ya cire jajayen takalma a ƙofa, ya shiga gaba, ya kabbarta. Ya ja Fatiha, ya kawo surarsa ta farko, aka yi ruku'u lafiya. A raka'a ta biyu ya kama ɗayar, wadda auta ke ɗora shi. Ya kai tsakiya, sai ta ɗauke ɗif. Ya koma farko, ya sake zuwa wurin, ba ta. Ya tuna 'ya'yansa huɗu. Ya tuna dariyar matarsa. Ya tuna takardar gobe. Sai kuka ya ƙwace masa, kuka na gaske, har da shessheƙa, kafaɗu na rawa.

Baba direba ya ɗora shi daga baya. Ya cafke kamar mai nutsewa ya samu igiya, ya ƙarasa cikin kuka. Can sai ya ji wani yana jan hanci a sahun farko. Manaja ne. Kafin a kai tahiya rabin sahu na sharɓar kuka, har da mai gadi da bai san abin da ake wa kukan ba.

Da aka sallame manaja ya rungume shi. “Malam, shekara hamsin ina jin surar nan. Ban taɓa ganin wanda tsoron Allah ya tsayar da shi a tsakiyarta ba sai yau.”

Gogan ya isa gida yana taku ɗai-ɗai. Tun daga ƙofa yake kira, “Ina kike? Kujera ta zauna da gindinta! Ki shirya, ƙila ma ƙarin girma ne.”

Washegari ya goge jajayen takalma har suna ɗaukar ido, ya saka. Ƙarfe goma aka ce manaja na kira. Yana shiga manaja ya miƙe tsaye, ya ba shi kujera, shi ya tsaya. A hannunsa akwai ambulan.

“Malam, jiya ban runtsa ba saboda kai. Da safen nan na je teburinka da kaina. Fayil arba'in da bakwai, ba wanda aka buɗe. Har gizo-gizo ya yi saƙa a kan na sama.”

“Ranka ya daɗe, ai...”

“Kada ka ce komai, ban ga laifinka ba. Ina mutum irinka zai samu lokacin takarda? Mu ne muke zaluntarka. Gobe ƙiyama in aka tambaye ni wa ya tsare bawan nan a ofis ya raba shi da ibada, me zan ce? Sauran biyun da na cire, da ciwon zuciya na cire su. Kai kuwa da farin ciki. Ga takardarka. Je ka ka yi ta bautar Ubangijinka, ba mai sake damunka da fayil.”

Gogan ya zamo daga kujera ya zube a ƙasa.

“Ranka ya daɗe, wallahi tallahi ni ba malami ba ne! Surorina biyu ne, ta biyun ma ka ga yadda muka ƙare da ita. Kukan jiya na tsoron takardar nan ne. Nafilar da kake gani, ban taɓa yin ko raka'a ɗaya ba. Ina wurin mai shayi! Asabar da Lahadin nan ina gida ina barci. Takalman ne kawai suke zuwa, na rantse da Allah, takalman ne! A tambayi Iya!”

Iya mai shara dama tana bakin ƙofa da tsintsiyarta. Ta leƙo ta ce, “Gaskiyarsa, ranka ya daɗe. Wata uku ina share gefensu, ko sau ɗaya ba su makara ba.”

Manaja ya ja carbi ɗaya, biyu, uku. Ya dubi mutumin, ya sauke ido kan takalman da ke ƙafarsa, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya miƙa masa ambulan ɗin.

“To cire su ka ajiye a ƙofa, su ci gaba da zuwa. Kai je ka huta.”