Matar da Ta San Haƙorin Ɗiyata

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar mijina a Gwandu ba, ko da zan so. Lokacin ban jima da jin wani shiri a rediyo ba, kan dokar da ta hana kwasar bayanan yara a intanet ba da yardar iyaye ba. Tun ranar na zama lauyar unguwarmu a Kalgo (ni da ko ƙofar kotu ban sani ba). Duk wanda ya ɗaga waya kusa da ɗiyata Ummi, sai ya sha harara.

Muna tsakar gida ana rabon masa, sai wata dattijuwa da ban taɓa gani ba ta jawo Ummi jikinta. "Ummi 'yar aji biyu, haƙorin ya tsiro? Har yanzu mai babur ɗin nan mai jar hula ka kai ki makaranta?"

Suna, aji, haƙori, har mai babur? Na ce a raina wannan ta daɗe tana bibiyarmu, yau ɗauka ta zo yi. Na fizge yarinyar na miƙe. "Baiwar Allah, wa ya ba ki bayanan ɗiyata? Akwai doka a ƙasar nan, wallahi sai mun je gaban hukuma!" Har masu kiɗan ƙwarya suka dakata.

Matar ta laluba jaka, ta ciro waya ta miƙa wa surukata. Hotunan sitatus ɗina ne reras: Ummi da bajon makaranta a ƙirji, Ummi da giɓi, Ummi a kan babur, ƙofar gidanmu ta fito tas.

"Ni gwaggon ango ce, daga Dodoru," in ji ta. "Tun da anka sa mu guruf ɗin anko nike kallonki. Ɗiyar ta burge ni, shi ya sa nike ajiyewa." (Ni na adana kowace lamba a guruf ɗin, don a ga kwalliyata.)

Surukata ta dube ni. "To, wa za mu kai ƙara?"

Kunya kamar in nutse. A mota na duba masu kallon sitatus ɗina, yawancinsu ban san fuskarsu ba. Gwaggo dai ta faɗa mini abin da ta sani, sauran shiru suke yi. Ashe wadda ya kamata a fara tsare Ummi daga gare ta, ita ke mata kitso, wato ni.