Saƙon Yaya Buhari da Abin da Ya Biyo Bayansa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da yake Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina. Asabar ce ta ƙarshe kafin a fara yankan gero, shekara biyu bayan an ba mu jiha, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a zauren Malam Ladan da ke Nasarawa Burkullu. Mu bakwai ne a kan tabarmi: ni, da taubashina Namadi, da Malam Ladan, wanda shi ne waliyyin yarinyar da muka je nema wa ɗana Sanusi, da dattawa huɗu na danginsu. Ta takwas ɗinmu rikoda ce, wadda na ajiye a tsakiya da hannuna, na kuma daidaita ta yadda ba ta karkata ko'ina ba.

Wajibi ne mai karatu ya san irin mutumin da ya ajiye ta. A makarantar mishan na yi karatu, inda aka koya mana cewa aiki iri biyu ne kawai, wanda aka yi daidai da wanda ba a yi ba. Na koyar shekara talatin da huɗu, na yi ritaya ina hedimasta a Gummi, kuma a tsawon lokacin nan ƙananan rediyoyin da na ƙwace daga hannun ɗalibai sun isa a buɗe shago. Ranar bikin babbar 'yata makaɗa suka zo ƙofar gidana, na fita na sallame su kafin su kwance ganguna. Mutane suna ba da labarin nan har gobe, ni kuwa (in faɗi gaskiya) ban taɓa hana su ba.

Abin da ba su sani ba shi ne, tun ina shugaban ɗalibai nake ɗauke da wata lalura. Baturen da ke shugabantar makarantarmu yana da garmaho, kuma duk yammacin Lahadi in na kai masa rahoton mako, sai in tarar ya sa faifan wani mawaƙin ƙasarsu. Ba zan ambaci sunansa ba, bai yi mini laifi ba. Waƙoƙinsa ba na rawa ba ne, ba na tsalle ba. Murya ce mai taushi, kamar man shanu a kan tuwo mai zafi, da goge irin nasu yana bin ta a hankali, kuma duk zancen bai wuce wata ta tafi, shi yana jira a bakin taga ba. Na raina ma'anar tun a lokacin. Amma muryar ta shige ni, ta ƙi fita.

Bayan na yi ritaya, wani tsohon abokin karatuna da ke zaune a Jos ya aiko mini da kaset ta hannun direba. Ba irin wanda ake samu a kasuwa ba ne. Kamfanin mawaƙin ne ya tattara waƙoƙinsa da suka ɓuya: waɗanda aka manna a bayan ƙananan fayafai, da waɗanda ya rera sau ɗaya a gidan rediyo, da biyu da aka ɗauka aka ajiye ba a taɓa fitarwa ba. Goma sha shida ne, na san jerinsu kamar yadda na san rajistar aji. Na naɗe shi a hankici na sa a ƙasan akwati, domin kowa ya san rikoda takan tauna zare, kuma irin wannan in ya tafi ya tafi.

Sai na yanke shawarar yin kwafi na sauraren yau da kullum. Ba ni da rikoda mai baki biyu, saboda haka na yi yadda kowa ke yi: na aro ta Namadi (na ce masa karatu zan juya), na kulle ɗaki bayan azahar, na sa su fuska da fuska, ɗaya tana waƙa, ɗaya tana ɗauka. Sharaɗin wannan aiki ɗaya ne tak, wato mai yin sa ya yi shiru, domin duk abin da ya motsa a ɗakin zai shiga. Na san wannan. Na cire takalmina ma don kada ya yi ƙara. Na yi shiru a waƙa ta farko da ta biyu da ta uku. A ta huɗu, wadda ban taɓa jin ta ba sai a wannan kaset, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Da na gane ɓarnar da na yi, ban jefar da kwafin ba. A mishan ba a jefar da abu. Na rubuta a jikinsa da jan biro, "Ya lalace, a sake amfani da shi," na ajiye a kan kanta.

Wata bakwai bayan haka Sanusi, wanda ke aikin duba-gari a ƙasar Bukkuyum, ya zo ya durƙusa ya ce ya ga yarinya, sunanta Balkisu, kuma ita ma ta amince. Shekararsa talatin da ɗaya, ya taɓa nema sau biyu abin bai yiwu ba. A danginmu kuwa ba uba ke neman aure ba. Babban wanmu, Yaya Buhari, da ke Anka, shi ke da bakin magana, ga shi ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ko masallaci sai an riƙe shi. A wancan zamanin maganin wannan sananne ne: babba ya yi maganarsa a kaset, a kai, a sa a gaban mutane, kamar shi ne ya zo.

Ranar Alhamis na tafi Anka da rikodata, da sababbin batura, da kaset ɗin da ke kan kanta. Sau uku na sa Yaya ya maimaita. A na farko ya yi tari, a na biyu zakara ya yi cara a tsakar gida.

"Kai dai ba ka canzawa," in ji shi. "Zakara ma sai ya nemi izni wurinka? Surukai za ka nema ko jarrabawa za ka ba su?"

Na ce, "Yaya, abin da za a sa a gaban mutane, gara ya fita da tsabta."

Na uku ya fita yadda nake so. Minti goma sha ɗaya: sallama, salati, asalin gidanmu, halin Sanusi, roƙon iri, sannan ya ce a yi Fatiha. Na saurara tun daga farko har zuwa kalmarsa ta ƙarshe, na kashe, na tariyo da fensir don kada in ci batir. Ban saurari abin da ke bayan kalmarsa ta ƙarshe ba. Fuskar kaset minti talatin ce. Na koyar da lissafi shekara da shekaru, amma ranar ban ɗebe goma sha ɗaya daga talatin ba.

Ranar Asabar muka bi hanyar Nasarawa Burkullu a bayan a-kori-kura, laka har gwiwar wando, Namadi yana ta yi mini tsiya cewa na rungume rikoda kamar jinjiri. Aka karɓe mu da mutunci. Malam Ladan mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, irin wanda in ya dube ka sai ka tuna laifin bara. Bayan gaisuwa ya ce:

"Hedimasta, mun san ka tun ba mu gane ka ba. An ce ko makaɗa ba su tsayawa ƙohwar gidanka. Shi yas sa munka ce ku taho mu ji."

Na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, alhali a cikina daɗi nake ji. Na danna rikoda.

Muryar Yaya ta cika zauren, ba tari, ba zakara. Dattawa suna gyaɗa kai, suna amsa masa "Madalla" da "Gaskiya na" kamar yana zaune a cikinmu. Da ya ce a yi Fatiha, duk muka ɗaga hannu. Zauren ya yi tsit. Aka ji ƙas, wato inda na kashe a Anka.

Sai goge ya shigo.

Bayansa Baturen mawaƙin nan ya shigo, a hankali, yana jiran wadda ta tafi. Bayan Baturen kuma wata murya ta shigo, ta tsoho, mai kauri, tana bin sa a baya kamar jaki na bin doki a hawan tudu. Ta fi tasa kusa da rikoda, saboda haka ta fi tasa ƙarfi.

Hannuwana suna sama. Ina aya ta uku. Ban taɓa yanke Fatiha a tsakiya ba tun da aka haife ni, kuma ban taɓa yarda wani ya yi ta da gaggawa a gabana ba. Na ci gaba da karantawa, kowane harafi a mazauninsa, ina jin kaina ina hawa wani dogon amo da Allah bai halicci maƙogwarona dominsa ba. Ta gefen ido ina ganin kafaɗun Namadi suna rawa. Ban taɓa sanin ayoyi bakwai suna da tsawo haka ba.

Muna shafawa na kai hannu, sai wani dattijo Bafulatani, Ardo Bello, kawun yarinyar ta wajen uwa, ya tare ni da sandarsa.

"Bari dai, Hedimasta, halan Alhaji bai gama ba. Ba a katse babba." Ya karkata kunne. "Ikon Allah. Ashe Alhaji Buhari na da wagga murya? Kuma shina kwance?"

A nan ne abin da ya fi waƙar muni ya faru, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Na yi shiru. Ni da na yi wa yara bulala a kan ƙarya ƙarama, na zauna na bar wana mara lafiya, mai shekara kusan tamanin, ya ɗauki nauyin waƙar soyayyar Turawa a gaban surukai. Na ma fara tunanin in ce ciwo ne ke sa shi haka. Numfashi uku na yi a cikin wannan shawara. A na huɗu muryar da ke cikin rikoda ta daina waƙa, ta yi gyaran murya, ta ce da Hausa garau, cikin faɗa:

"A'a. Ka yi sauri. Hedimasta guda, ka kasa riƙe numfashi? Sake."

Ta kuwa sake.

Namadi ya tashi ya fita da gudu, wai zai kama ruwa. Ardo Bello ya dube ni, ya dubi rikoda, ya janye sandarsa a hankali. Na kashe. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Malam Ladan ya dubi tabarma ya ce, "To. Mun ji saƙon Alhaji. Za mu yi shawara."

Na ɗauka an gama da ni, ashe saura. Malam Ladan ya miƙo hannu ya ce in ba shi kaset ɗin, zai shiga da shi cikin gida, domin Innar yarinya da gwaggwanninta su ma suna da haƙƙin jin abin da aka aiko. Na ce a yi mini haƙuri in koma da shi Gummi in gyara, in aiko. Ya ce saƙo dai an riga an kawo shi gidansu, nasu ne, kuma ba shi da hurumin rage wa mata abin da maza suka ji. Ya haɗa da rikodar, don tasu ba batir. Tawa kuwa baturanta sababbi ne, ni na tabbatar da haka.

Aka kawo mana fura da nono. Muna sha, ta kan katanga ina jiyo Yaya, ina jiyo Fatiha, ina jiyo goge. Da aka zo "Sake," sai gidan ya ɗauki shewa. Aka tariyo. Na ƙirga, sau huɗu suka tariyo, kuma ba saƙon Yaya suke tariyowa ba.

Sanusi yana jiranmu a tasha. Ban iya gaya masa ba, Namadi ne ya gaya masa, har da kwaikwayo. Yaron bai yi dariya ba, bai yi fushi ba. Ya ce, "Baba, kai ne?" Na ce ni ne. Ya ce, "To sun ce me?" Na ce za su yi shawara. Ya karɓi jakata ya riƙe mini har gida. Kwana tara yana zuwa gaishe ni safe da yamma, yana duban ƙasa, ni ma ina duban ƙasa. Na gaji a kwanakin nan irin gajiyar da aikin gwamnati bai taɓa sa ni ba. Na je Anka na faɗa wa Yaya duka, har da numfashi ukun nan. Ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa, sannan ya ce waƙar ya yafe, amma shirun zai yi tunani.

A rana ta goma Ardo Bello ya zo cin kasuwa, ya biyo ta gidana. Ya ce Malam Ladan ya so ya ƙi, don a ganinsa mai fuska biyu ba abin ba 'ya ba ne. Innar Balkisu ce ta tsaya. Ashe tun farko ita ce ba ta so, saboda labarin da ya kai mata cewa a gidana ko dariya sai an duba agogo, kuma ta rantse 'yarta ba za ta je ta bushe a can ba.

"Da taj ji ka, sai tac ce a ba su," in ji Ardo. "Tac ce tsohon da ka kulle ɗaki shi yi wagga wahala, kuma shi yi ma kainai hwaɗa, ba mugu ba na. Abin tausai na."

Abin tausayi. Shekara talatin da huɗu ina gina suna, bai samo wa ɗana mata ba, sai minti biyu na kukan jaki. Na yi godiya kamar yadda ya kamata, na raka shi bakin hanya, na dawo na kwanta.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne, kuma na makara da koyonsa. Na yi shekaru ina duba aikin mutane daga farko har inda nake sa ran kuskure, ban taɓa duba nawa ya wuce inda na gamsu ba. Yanzu in an ba ni kaset, ko na wa'azi ne, sai na ji shi har ya tsaya da kansa.

An ɗaura aure bayan an shigar da dawa. Rikodar an mayar mini. Kaset ɗin yana Nasarawa Burkullu.