Bulon Halmoni

Hannuna na kan bayan motar kifin kakata na ji ta daina jiran turina. A layinmu na Busan, a Koriya, haka ake yi: in ka tare wa wani hanya, sai ka bar motarka a firi, mai fita ya tura ta gaba kaɗan. Na tura. Sai ta kama gangare, ta nufi mararrabar kasuwa, inda motoci suka cunkushe, mutane na ratsawa. Na bi ta da gudu cikin kwat ɗin da na sa don intabiyu, na zura rabin jikina ta taga, na ja birkin hannu.

Da na dawo daga intabiyu na sami kakata, Halmoni kamar yadda muke kiran kaka a nan, a ƙofar gida tana tsinke kawunan busasshen kifi.

"Sannu da hutawa, Halmoni mai sakin mota kiwo."

"Kwikwiyona ya dawo. An ce ka yi tsere da tsohuwar mota, da ƙyar ka ci."

"Ina bulon da kike tokare taya da shi?"

"Na danne kabejin da nake tsumawa, na kimci. Da kake ci, ka tambaya?"

"Wato kabeji ya fi ran jama'a."

"Kabeji bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Shekara huɗu kana karatun titi, turin mota ya gagare ka. Kakanka da ɗan yatsa yake tura ta."

"Shi ya sa ya gudu lahira ya huta."

"Bakinka ya fi ƙafarka sauri. Ofishin tsara titunan fa, sun koro ka da ƙarnin kifi?"

"Sun tambaye ni me ya sa nake son a hana ajiye mota a layukan gangare. Na ɗaga musu hannun kwat, a yage har gwiwar hannu. Na ce kakata ce ta aiko ni."

"Ka tona mini asiri a gaban gwamnati."

"Babbansu sai da ya cire tabarau don dariya. Na ce in sun ɗauke ni, ke zan fara ci tara."

"Ɗan hakin da ka raina. Ni fa na goya ka."

"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Ta ajiye kifin, ta kama hannuna, ta daɗe tana duban inda ya kuje.

"Akwai yara a mararrabar?"

"Akwai."

Ta kwance mukulli daga ɗamararta, ta danƙa mini tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ka ci, ɗan banza. Kai ta garejin kasuwa, mai hawa-hawan nan da nake zagi."

"Bulon fa?"

"Yana kan aiki. Kai ne ba ka da shi."

Na kai motar hawa na uku, na ja birkin sau biyu. Ofishin sun ce ran Juma'a za su bugo. Yau Laraba.