Rasuwar Rediyon Gidan Sammani

Cikin nauyin zuciya da jimami, Malam Sammani manomi, na wani ƙauye arewa da Ɗanbatta, yana sanar da jama'a rasuwar rediyonsa mai batir, wanda ya cika a tsakiyar bazarar nan, saura 'yan watanni Turawa su miƙa mulki. Bai rayu ya ba da labarin ba.

Marigayin ya zo daga kantin Kano bayan cinikin gyaɗar bara. Mai ladabi ne, ba ya magana sai an murɗa masa kunne. Yakan fara da gyaran murya, "ƙirrr, shuuu", kafin ya kawo labarin Kaduna, magidanta sun yi tsit a gindin dalbejiya. Sammani ya ƙaunace shi ƙauna ta gaske, har ya hana kowa taɓa shi, musamman ƙanensa Tasi'u, abokin nomansa a gandu.

Jinyarsa gajera ce. Murya ta dushe, Sammani ya shanya shi a kan guntun kwanon rufi da batiransa a ciki, kuma a kunne, don kowa ya san rana ce maganin batir. Da azahar ya ce "fut", bai sake cewa komai ba.

Mai gyara a Kano ya buɗe cikinsa, ya nuna wani abu kamar ƙwayar wake mai ƙafa uku, wai taransista. Ya ce siririyar wuta mai ɗauke da muryar nesa ce ke shiga ƙafar tsakiya, ita ke buɗe wa babbar wutar batir hanya daga wannan ƙafa zuwa waccan har lasifika, shi ya sa raɗa ke zama amo. In abin ya sha zafi, hanyar ba ta rufuwa. Wuta ta yi ta kwarara ba izini, tana ƙara masa zafi, har ya ƙone.

Sammani ya saurara, bai gamsu ba. Rana dai tana dukan kowa, wa ta taɓa kashewa? Amma an ga Tasi'u ya gifta ta wajen kwanon da hantsi, yana tafe yana waige. Kuma da aka gaya masa rasuwar, bai razana yadda ya kamata ba. Tasi'u ya rantse da Alƙur'ani bai taɓa rediyon ba, Inno mahaifiyarsu ta yi kuka har ta gaji. Sammani ya ce saurin rantsuwar ma abin dubawa ne. Tun ranar ba su sa hannu a akushi ɗaya ba.

Marigayin ya bar eriya guda, da batiran da suka yi ruwa, da jakar fata da ba ta da mai shiga.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, mai unguwa da dattawa biyu su shaida. Masu zuwa su taho da igiyar awo. Za a binne shi a tsakiyar gonar gandu, a dasa aduwa a kansa. Daga kabarin zuwa gabas na Sammani ne, yamma kuma ta Tasi'u.