Yadda Za Ka Gode wa Jama'a Bayan Shekara Huɗu Kana Gyangyaɗi

Ranka ya daɗe, wa'adin majalisar dattawa ya ƙare, zaɓe saura wata biyu, kai kuwa tun da aka rantsar da kai ba wanda ya taɓa jin muryarka? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za a tafa maka har hannuwa su yi zafi. A wurin gwani na koya: Sanata Halliru na ƙasar Wudil, wanda ya shekara huɗu a Legas lokacin majalisa tana can, man fetur na ta ambaliya, bai tsinana wa kowa komai ba, kuma ido rufe yake son a mayar da shi kujerarsa.

1. Fara da riga

Sa babbar riga mai nauyi, wadda hannunta ke zamewa. Duk lokacin da magana ta ƙare maka, tsaya ka gyara ta a kafaɗa, ka kalli sama. Halliru ya cinye kusan rabin lokacinsa da haka, 'yan jarida suka rubuta cewa mutum ne mai zurfin tunani.

2. Gode wa wanda ba zai tambaye ka komai ba

Shugaban majalisa, akawu, masinja, mai kawo shayi. Kada ka manta mai gyaran kwandishan. A nan kaɗai muryar Halliru ta yi rawa da gaske, don ba domin bawan Allahn nan ba, da barcin bai yi daɗi haka ba. Daga nan ka roƙi gafarar duk wanda ka ɓata wa rai a wurin muhawara. Za su yafe maka nan take, tunda ba su tuna ranar da ka yi muhawarar ba.

3. Yi waiwaye, amma sama-sama

Ka ce an yi ƙoƙari, ka ce ƙasa ta ci gaba, ka ce tarihi ne zai yi alƙalanci. Tarihi ba ya zuwa rumfar zaɓe, saboda haka ba ka da fargaba. Ɗakin shan maganin da ka aza harsashinsa a Indabo, wanda yanzu awaki ke kwana a ciki, wannan ba wurin ambatonsa ba ne. Fito da hankici ka goge ido.

4. Ambaci sunan mutumin gida

Nan ne ƙuri'a take. Halliru ya san ba zai koma ba sai da gidan Malam Ƙasimu na Achika, dattijon manomin da ba shi da sarauta, amma inda ya nuna nan ƙauyuka bakwai ke dangwalawa. Sai ya dafa ƙirji ya ce:

"Ina gaida ubana Malam Ƙasimu, wanda ko makon jiya muna tare a zaurensa, ya sa mini albarka. Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana."

Sannan ya yi ruwa ya yi tsaki sai da aka fassara jawabin da Hausa, aka sa a rediyo har sau biyu ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, don kada wani ya ce bai ji ba.

Kada ka ɓata lokaci wajen tambayar ko dattijon yana raye, manya ba sa irin wannan binciken. Malam Ƙasimu dai shekararsa biyu a ƙasa. Halliru bai je jana'iza ba, bai je ta'aziyya ba, bai ma san an yi ba.

5. Koma gida ka kwashi yabo

Cika but ɗin motarka Marsandi da shinkafa 'yar waje, ka nufi ƙauye. Halliru ya tarar da maza cike a ƙofar gidan. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi iyali da hanya da mutanen Legas, ba wanda ya ƙara ko kalma. Ya ji daɗi ƙwarai, a zatonsa kwarjini ne ya yi musu yawa. Ya tambaya ko Malam yana ciki.

Indo, tsohuwar da marigayin ya bari, ita ta leƙo daga zaure. Ta yi masa sannu da zuwa, ta sa aka kawo masa ruwa, ta jira ya sha. Sannan ta dubi Auta, ƙanen mijinta.

"Auta, raka Alhaji wurin yayanka, su ƙarasa hirar da suka fara makon jiya."

Halliru ya bi shi da fara'a, yana ta ɗaga wa mutane hannu. Suka wuce masallaci, suka wuce gidan ƙarshe, suka shiga gonaki. Sai da ya hango tulin ƙasa jere a ƙarƙashin itatuwa sannan ya gane maƙabarta aka kawo shi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya juyo zai yi ta'aziyya, Auta ya ce masa ya bar shi kawai, an naɗe tabarmar makoki tun tuni.

Ranar zaɓe ƙauyukan nan bakwai suka fito ƙwansu da ƙwarƙwata, har makafi sai da aka jawo don a kayar da shi.

A kula: mai wannan rubutu ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya. Wanda ya bi matakan nan ya sha ƙasa, ko aka raka shi maƙabarta da ƙafarsa, ya kuka da kansa. Kada ya zo gidana, don ni ma ɗan Achika ne.